Yadda bitrut ke zama ƙato a lambun gida

Duk wanda ya taɓa raba bitrut, wato jar saiwar lambu mai dunƙulewa da ake ci, gida biyu da wuƙa ya ga zobban nan da ke cikinsa, ƙarami cikin babba, babba cikin wanda ya fi shi, kamar an jefa tsakuwa a kududdufi. Yawancin mutane kwalliya suke ɗaukar su. Amma wanda ya ƙudurta zai noma ƙaton bitrut a ɗan lambun bayan gidansa, daga waɗannan zobba ya kamata ya soma karatu, domin a jikinsu girman yake faruwa, a jikinsu kuma duk wani sakaci na mai lambu yake barin tabo.

Bari mu fara sanin girman da ake magana a kai. Bitrut ɗin da aka saba gani bai wuce cikin tafin hannu ba, nauyinsa giram 150 zuwa 300. A shekarar 2001 wani mai lambu a yankin Wales na Birtaniya, Ian Neale, ya fito da wanda ya kai kilo 23.4, ya shiga kundin bajinta na Guinness. A 2019 wasu iyali, su ma a Wales, suka ɗora wanda ya kusa kilo 24 a kan sikeli. A Birtaniya har gasa ake yi kowace kaka, irin ta baje kolin Malvern da ke Ingila, inda ake turo kabewa da kabeji da albasa da bitrut a baro a auna. Ban ce mai karatu zai kamo waɗannan mutane a shekararsa ta farko ba. Sun shafe shekaru suna tace irinsu, wasunsu ma da rumfunan leda da fitilu suke aiki. Amma kilo 4, kilo 5, har kilo 8, abu ne da lambun gida zai iya bayarwa idan an san inda aka dosa.

Akwai ɗan lissafin da ke warware rabin maganar. Abu mai siffar ƙwallo, idan faɗinsa ya ninka sau 2, nauyinsa sau 8 yake ninkawa. Bitrut mai faɗin santimita 7 nauyinsa wajen giram 180 ne. Ya kai santimita 35, wato ninki 5, nauyin ya ninka sau 125, ya haura kilo 22. Ga inda abin ya fi ban sha'awa: idan ƙaramin ya ƙaru daga santimita 7 zuwa 8, giram 90 kacal ya samu, amma idan babba ya ƙaru daga santimita 30 zuwa 31, ya samu kusan kilo ɗaya da rabi. Santimita ɗaya ce a duka biyun. Ƙattin gaske ba su cika zama kamar ƙwallo ba, yawanci duk ƙulu-ƙulu ne da kusurwoyi, amma hukuncin bai canja ba. Mafi yawan nauyin a makonnin ƙarshe yake taruwa, kuma tsiron da ya isa makonnin ƙarshe da cikakkiyar lafiya da ganyensa a tsaye shi kaɗai ke cin wannan riba. Aikin mai lambu daga ranar shuka zuwa ranar tono guda ɗaya ne: kada girman nan ya tsaya, ko na mako ɗaya.

Me ya sa ma wannan tsiro yake kumbura saiwarsa? Bitrut ɗan uwan alayyafo ne, dangi ɗaya suke. Kakansa wani ganye ne da ke fitowa da kansa a gaɓar Bahar Rum da gaɓar yammacin Turai, mai siririyar saiwa mai tauri. Mutanen dā ganyensa suka fi damuwa da shi, sai wajen ƙarni na 16 ne mai kumburarriyar saiwa ya bayyana a lambunan Turai. Rayuwarsa shekara biyu ce. A ta farko tari yake yi: ganye ya sha rana ya haɗa sukari, a sauke shi ƙasa a adana. A ta biyu, bayan sanyi ya ratsa shi, sai ya fasa rumbun, ya fitar da dogon kara, ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya mutu. Ke nan saiwar nan rumbu ce, ganye ne mai nema. Mai son ƙato yana so mai nema ya yi ta kawowa wata da watanni, rumbu ya yi ta faɗaɗa, kuma kada tsiron ya taɓa jin cewa lokacin fasawa ya yi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin su taɓa fatanya. Sukan sayi irin bitrut na ci, kamar Detroit Dark Red, wanda aka tace shi don ya nuna cikin kwana 55 zuwa 70 yana ɗan dunƙule mai laushi, sai su yi ta dura masa taki suna jiran abin al'ajabi. Zai ƙaru, amma yana da iyakar da ba zai wuce ba. Tsiron nan guda ɗaya, Beta vulgaris, mutane sun raba shi gida huɗu bisa abin da suke so a jikinsa. Akwai na ganye zalla. Akwai jan nan na ci. Akwai farin da ake yin sukari da shi, wanda tarihinsa ya faro daga 1747, lokacin da Andreas Marggraf ya nuna a Berlin cewa sukarin da ke cikin bitrut ɗaya yake da na rake, ɗalibinsa Franz Achard kuma ya kafa masana'antarsa ta farko a yankin Silesiya, a wani wuri da ke cikin ƙasar Poland a yau, a farkon ƙarni na 19. Sai na huɗu, na dabbobi, wanda Jamusawa suka fitar a ƙarni na 18 don ciyar da shanu a lokacin hunturu, ake kiransa Mangelwurzel. Wannan na huɗun shi aka tace don girma kawai, ba ruwan kowa da daɗinsa a baki. Irinsa da ake kira Mammoth Long Red yakan kai kilo 9 idan ya sami wuri, rabin jikinsa ko fiye a saman ƙasa, tsaye kamar turke. Akwai kuma mai ruwan ɗorawa, Eckendorf.

Wani ɗan abin dariya game da sunan: asalinsa daga Mangold ne, sunan ganyen a Jamusanci, amma kunnen mutane ya ji Mangel, wato ƙaranci ko rashi, har Faransawa suka fassara shi da saiwar lokacin yunwa. Kuskuren ya zauna daram, tunda tsiron ya sha fid da mutane da dabbobinsu kunya a shekarun wahala.

Wanda yake son babba amma wanda zai ciyu, akwai Lutz Green Leaf, wanda aka san shi da girma ba tare da saurin yin jijiya ba. Shi nake ba wa mai farawa shawara ya gwada tare da na dabbobin, layi ɗaya wannan, layi ɗaya wancan. Wanda kuma gasa ce a ransa ya bincika ƙa'idar masu gasar, domin ba kowane wuri ake karɓar na dabbobi a sahun jan bitrut ba.

Idan ka zuba irin bitrut a tafin hannunka za ka ga wasu 'yan ƙwayoyi masu kaushi, launin ƙasa-ƙasa, masu kusurwa kamar tsakuwa. Abin da kake gani busasshen ɗan itace ne, a cikin kowane akwai iri 2 zuwa 5 a manne. Shi ya sa za ka shuka ƙwaya ɗaya ka ga tsirrai uku sun fito a rami guda suna ture juna. Wannan matsala ta daɗe tana cin ƙarfin manoman bitrut na sukari, dole a bi gona layi-layi a durƙushe ana ragewa, har sai a 1948 da wani masani, Viacheslav Savitsky, ya gano tsiro mai iri ɗaya tilo a wata gona a jihar Oregon ta Amurka. Yawancin irin lambu har yau mai tarin nan ne. Ɓawonsa kuma yana ɗauke da sinadarin da ke jinkirta tsirowa, don haka a jiƙa shi na 'yan sa'o'i ko a kwana da shi a ruwa, a zubar da ruwan, a shuka a zurfin santimita 2. Ƙasa mai ɗumi da laima, cikin mako ɗaya ko kwana 10 zai leƙo.

Ragewar nan ita ce jarrabawar farko, kuma na taɓa faɗuwa a cikinta. Karon farko da na gwada, tsirrai sun fito shar, kowane da jan kara kamar zare, sai tausayi ya kama ni na bar biyu-biyu da uku-uku, ina cewa ai ƙasar tana da ƙarfi. Da na tona, sai ga su a nannaɗe da juna, kowane gefensa ɗaya a lotse, babu wanda ya kai dunƙulen hannu biyu. Tun daga nan nake zuwa da almakashi da zarar ganyen gaske biyu sun fito, in zaɓi mai kaurin kara, in datse sauran daidai fuskar ƙasa. Datsewa ta fi tumɓukewa, don idan ka ja ɗaya sai ka girgiza saiwar wanda kake son bari.

Yanzu mu koma ga zobba. Karas da yawancin tsirrai masu kaurin saiwa suna da faifai ɗaya ne kacal na ƙwayoyin halitta masu rarrabuwa, shi ke ƙara musu kauri. Bitrut kuwa yana yin irin wannan faifai ɗaya bayan ɗaya, kowane a wajen na baya, kuma dukkansu suna aiki lokaci guda. Kowane zobe da jijiyoyinsa masu jawo sukari daga ganye, da tsokar da ake ajiye shi a ciki. Shi ya ba shi damar kumburar da karas ba zai taɓa yi ba. Abin da masu binciken bitrut na sukari suka lura da shi, wanda ya fi komai amfani gare mu, shi ne kusan dukkan zobban tun saiwar ba ta wuce kaurin fensir ba ake kafa su, a makonnin farko. Abin da ke biyo baya duk cika ne da faɗaɗa. Ma'ana, a lokacin da tsiron yake ɗan mitsitsi, ba ya ɗaukar idon kowa, a lokacin ake aza harsashin ginin. Tsiron da ya sha cunkoso, ko ƙishi, ko ciyawa ta danne shi a wata biyun farko, ko an gyara daga baya ba ya komawa daidai. Na ga mutane suna ta hidima da taki a wata na huɗu a kan tsiron da tun a mako na uku suka kashe masa gaba.

Ƙasa tana da nata sharuɗɗan, amma ba su da wuyar ganewa. Jijiyar bitrut ta tsakiya takan nutsa fiye da mita ɗaya idan ba ta haɗu da cikas ba, ita ce ke jawo ruwa daga ƙasa-ƙasa a ranar da sama ya bushe. Don haka a tone fangali zurfin santimita 50 zuwa 60, a farfasa, a tsince duwatsu da burbushin gini, a cakuɗa da ruɓaɓɓen taki mai yawa. Ruɓaɓɓe na ce. Ɗanyen kashin dabbobi yana sa saiwa ta rabu ƙafa-ƙafa, yana kuma ƙona ƙananan tsirrai. Ƙasa mai laka sosai tana matse saiwa ta riƙe ruwa har ta ruɓe, mai yashi zalla kuma ba ta riƙe komai, duk biyun maganinsu ɗaya, ruɓaɓɓen ganye da taki. Inda ruwa ke kwanciya a ɗaga fangalin sama. Bitrut ba ya shiri da ƙasa mai tsami. A ma'aunin pH ya fi son 6.5 zuwa 7.5, idan ta yi ƙasa da 6 sai ka ga ya tsumbure, ganyen ya yi ja-ja ya ƙi ci gaba. Farar ƙasa ta noma ko 'yar tokar itace suna gyara wannan, amma a auna kafin a zuba, saboda wuce gona da iri yana buɗe wata matsalar da za mu zo kanta.

Tazara kuma, a manta da santimita 8 ko 10 da ke rubuce a bayan takardar iri, wannan na masu son ƙanana ne. Ƙato yana buƙatar aƙalla santimita 45 zuwa 60 ta kowane gefe, mai neman na gasa ya ba shi har mita guda. A farko fangalin zai yi kama da asarar wuri, ɗan tsiro a tsakiyar fili. Bayan wata uku ganyen zai rufe shi duka. Tsirrai 4 da aka ba haƙƙinsu sun fi 20 da ke rabon abinci.

Maganar lokaci da yanayi ita ce ta fi sarƙaƙiya, domin a nan kowa da irin tasa matsalar. Bitrut ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas. Ƙato kuma yana son wata 5 zuwa 7 a ƙasa. Wuraren da ke da wata bakwai a jere na irin wannan yanayi ba su da yawa, don haka kowa sai ya yi dabara.

Mai zama a ƙasar sanyi, abin tsoronsa karan fure ne. Idan ya yi gaggawar shuka, tsiron ya shafe makonni a sanyin da bai kai digiri 10 ba, sannan ranaku suka yi tsawo, sai bitrut ya ɗauka hunturu ya zo ya wuce, shekara ta biyu ta kama. Sai ka ga tsakiyar ganyen ta fara tasowa, kara ya miƙe. Daga ranar rumbu ya fara zubewa, saiwar ta yi tauri kamar icce, ko ka karya karan ba ta dawowa. Shi ya sa masu gasa suke fara rainon tsiro a tukunya cikin ɗaki mai ɗumi, su fito da shi bayan sanyi ya ja baya. Bitrut yana jure dashe fiye da karas, muddin an ɗauke shi da ƙasarsa tun yana ƙarami, kafin jijiyar ta taɓa gindin tukunya ta murɗe. A tsibirin Hokkaido na Japan manoman bitrut na sukari sun daɗe suna raino a 'yan bututun takarda su dasa, don kawai su ƙara wa kakar 'yan makonni. Ladan ƙasashen arewa mai nisa shi ne dogon yini. A kwarin Matanuska na Alaska rana takan shafe sa'o'i 19 tana haske a tsakiyar shekara, kuma a can ne aka auna kabeji mai fiye da kilo 62 a 2012. Ganye da ke aiki sa'o'i 19 ba za a haɗa shi da mai aiki 12 ba.

Mai zama a ƙasar zafi bai cika ganin karan fure ba, nasa abokin gaba zafin ne. Idan rana ta haura digiri 30 girma yana ja da baya, idan dare ma bai yi sanyi ba sai tsiron ya ƙone da dare sukarin da ya tara da rana. Dabara a nan ita ce a shuka da zarar yanayi ya fara sassautawa, don watannin sanyi duka su faɗo a lokacin kumbura, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa mai kauri, idan zafi ya dawo a yi masa 'yar inuwa ta raga da ke tare ranar la'asar kawai. Inuwa ta yini duka kuwa yanke wa mai nema hannu ne. Yana son aƙalla sa'o'i 6 na rana tsantsa.

Ruwa shi ne mafi yawan nauyin da za a ɗora a sikeli, kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na jikin babban bitrut. A yanayi mai sauƙi, lita 25 ga kowane murabba'in mita a mako ita ce mafari, a zafi ko a ƙasa mai yashi ya fi haka nesa. Amma yawan bai kai daidaito muhimmanci ba. Ka bar fangali ya bushe kwana 10, fatar saiwar ta ƙandare, sannan ka zo ka malala masa ruwa don ka rama, cikin zai kumbura da sauri fatar ba ta iya biyo shi ba, sai ta tsage. Tsagar nan ƙofa ce ga ruɓa. Wanda bai tsage ba kuma, idan ka yanka za ka ga wasu zobba fari-fari masu tauri a tsakanin jajaye, shaidar makonnin zafi da ƙishi. Akwai iri guda, Chioggia, mai sunan wani gari kusa da Venis a Italiya, da shi halittarsa ce ja da fari, wannan daban. Gwajin da ya fi kowane sauƙi shi ne ka cusa yatsa har gaɓa ta biyu: ka ji sanyin laima, bari sai gobe, ka ji bushewa, ba shi ya ƙoshi, a gindi, ba a kan ganye ba.

Game da taki akwai shawarar da ake yawan maimaitawa, wai kada a ba bitrut naitirojin don zai tafi ga ganye. Gaskiya ce rabi. Masana'antun sukari ba sa son naitirojin mai yawa domin yana sa saiwa ta yi girma ta cika da ruwa, sukarin ya tsinke. To ai mai neman ƙato abin da yake so ke nan. Babu yadda za a yi rumbu mai kilo 8 da ganye shida. A wata biyu zuwa uku na farko a ciyar da shi don ya yi ganye manya masu faɗi, kaɗan-kaɗan duk mako biyu, narkakke a ruwa, maimakon a jibga masa lokaci guda. Da kafaɗar saiwar ta fara turo ƙasa sai a rage naitirojin a karkata ga fotashiyam, wanda ke taimaka wa sauke sukari daga ganye zuwa ƙasa. Saboda kakansa ɗan bakin teku ne, bitrut yana jure gishiri fiye da yawancin kayan lambu, har manoman Ingila kan watsa gishirin noma a gonakin na sukari. Ban ba mai ɗan lambu shawarar kwaikwayonsu ba. Bitrut zai tafi, gishirin zai zauna, wanda za a shuka bayansa shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

Sai wani ɗan sinadari da ake buƙata ƙwaya-ƙwaya amma rashinsa ke rusa aikin wata shida: boron. Bitrut yana cikin tsirran da suka fi jin rashinsa, kuma babba ya fi ƙarami ji, tunda gini yake ba ƙaƙƙautawa. Alamarsa, sabbin ganyen tsakiya su murɗe su yi baƙi su mutu, fatar ta yi tsage-tsage, ciki kuma ka tarar da baƙaƙen tabo masu tauri ko rami a zuciya. Ya fi faruwa a ƙasa mai yashi, a lokacin fari, da kuma inda aka cika farar ƙasa ko toka, matsalar da na ce za mu zo kanta ke nan. Maganin garin boraks ne, wani farin gari mai ɗauke da boron, giram 1 zuwa 2 kacal ga murabba'in mita, a narka a ruwa mai yawa, sau ɗaya a kaka. A auna da gaske. Tsakanin magani da guba a nan tazarar siririya ce ƙwarai, kuma wake da aka shuka a wurin daga baya ba ya jure ragowarsa.

Ganyen bitrut yana ciyuwa, kuma ganyen ƙato yana da ban sha'awa, faffaɗa, mai sheƙi. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk ganyen da aka tsinka an rage ma'aikaci ɗaya. Wanda ya yi rawaya ya kwanta kaɗai ake cirewa. Saboda haka ma duk abin da ke cin ganye nauyi yake ci. Akwai wata tsutsar ƙuda da ke shiga tsakanin fatun ganye biyu tana haƙa hanya, ka ga fari-farin zane kamar ƙuna. Ka juya ganyen ka duba ƙananan fararen ƙwai a jere, ka murje su da yatsa, wanda tsutsar ta riga ta shiga ka matse ta a ciki. Darɓa tana tsotse ruwa, tana kuma yaɗa cutar da ke mai da ganye rawaya. A lokacin ɗumi da laima akwai cutar ɗigo-ɗigo, ƙananan tabo masu toka-toka a tsakiya da jan baki, wadda kan cinye tsofaffin ganye har tsiron ya koma kashe ajiyarsa wajen yin sababbi. Tazara, ban ruwa a gindi, da kwashe ganyen da suka kamu suna rage ta. A ƙarƙashin ƙasa akwai tsutsotsin da ido ba ya gani masu kama saiwa, irin wadda Hermann Schacht ya gano a gonakin Jamus a 1859, kuma saboda su ne ba a maimaita bitrut a fangali ɗaya sai bayan shekara 3 ko 4. Ɓera kuma yana son kafaɗar da ta fito waje, dare ɗaya ya isa ya yi mata rami. Ragar waya a kewaye tana da amfani a watannin ƙarshe.

Akwai wasu masu lambu da ba nauyi suke nema ba, tsawo. Su a cikin dogon bututu suke shuka, a jingine shi a karkace, a cika da ƙasa mai laushi, jijiyar ta yi ta bin laima tana gangarawa. Joe Atherton na Ingila ya fitar da wanda ya haura mita 8 ta wannan hanya. Kusan dukkan tsawon siririn zare ne da ake wanko shi da ruwa a hankali don kada ya tsinke. Wasa ne daban da namu.

Ranar tono, kada a kama ganye a ja. A jiƙa ƙasar tun jiya, a tona rami kewaye nesa da jikinsa, a shiga ta ƙarƙashi, a ɗago shi da hannu biyu, babba sosai ma mutum biyu da buhu. Fatarsa ba ta son rauni, ƙwarzane kaɗan jan ruwan ya fara zuba. A murɗe ganyen a bar kamar santimita 4 na kara, a wanke da soso mai laushi, a auna a ranar, domin daga lokacin da ya bar ƙasa yake fara tsotsewa. Alamar cewa lokaci ya yi ita ce igiyar awo: ka riƙa zagaya ta a ƙugunsa duk mako kana rubutawa, idan mako biyu suka wuce lamba ba ta motsa ba, ko sanyi mai daskarewa ya kusa, babu sauran abin jira.

Kada kuma a sa rai da daɗi. Yadda saiwa ke ƙara girma haka zaƙinta ke raguwa, jijiyoyin zobban su yi kauri, ƙamshin ƙasar nan da aka san bitrut da shi ya yi ƙarfi. Na dabbobi dabbobi ne ke morarsa, su ma manoman Turai ba sa ba su da zarar an tono, sai ya kwanta makonni a ajiye, don sabo yana sa su zawo.

Sauran shawara ɗaya da za ka yanke da ƙaton a gabanka. Idan ka yanka shi za ka karanta kakar gaba ɗaya: zobba masu faɗi jajaye na makonnin da komai ya tafi daidai, siraran farare na lokacin da ka yi tafiya ba wanda ya ba shi ruwa, baƙin tabo idan boron ya gaza. Idan kuma iri kake so daga gare shi, wuƙa ba za ta taɓa shi ba. Sai a binne shi cikin yashi mai ɗan laima a wuri mai sanyi na wata biyu zuwa uku, a sake dasa shi tare da 'yan uwansa manya guda biyar ko shida, tunda tsiro ɗaya tilo bai cika yin iri mai kyau da kansa ba. Iska ce ke ɗaukar garin furensa, tana kai shi nesa, kuma yana haɗuwa da duk wani ɗan gidansu da ke fure a kusa, na ganye ne ko na sukari. Masu gasa na biyu a girma suke yankawa su duba, na ɗaya su ajiye.